Jan Ƙyallen Lilon Tsakiya

Asabar, 4 ga wata, 5:10 na yamma

Taron Ranar Iyali ya watse tun kafin a fara shi. Masu kujerun haya sun kwashe kayansu, an naɗe wayar lasifika, balan-balan kawai suka rage a jikin shinge. Na datse ƙofar filin wasan yara da kwaɗo, na hawo bene, ga ni zaune ko takalmi ban cire ba.

Yarinyar da muke kira Tsuntsuwa ce, 'yar Mai Kitso, ƙawata da shagonta ke manne da shagon ɗinkina. Shekararta shida. Wajen tara da kwata na safe tana kan lilon tsakiya, ta kai can sama inda take son kaiwa, sai sarƙar hagu ta saki. Ni ina bakin ƙofa ina faɗa da mai rumfa a kan inda zai kafa turakunsa. Ban gani ba, ji na yi. Ba zan rubuta irin ƙarar ba.

Suna asibiti. Ba ta farka ba.

Lahadi, 5 ga wata, 7:40 na safe

Maigida ya fita da bas ɗinsa, ruwan shayi kawai ya sha. Ya ce in ci wani abu. Na ce to.

Shekara tara makullin filin nan yana rataye a wuyana. Bola ce a da, tsakanin layin shagunanmu da bayan banki. Mu 'yan tsakiyar gari da ba mu da tsakar gida, mu muka taru muka kwashe ta da hannunmu. Lilo uku, abin sulu ɗaya, benci huɗu, famfo, da itatuwa biyu masu inuwa. Yaran benaye shida ba su da inda ƙafarsu ke taɓa ƙasa sai nan.

Duk ƙarfen da ke ciki Baba Mai Walda ne ya ƙera, don Allah. Kowace Juma'a da yamma yakan zo da tsaninsa ya girgiza sarƙoƙi, ya hau ya duba ƙugiyoyin sama. Abin da bai yarda da shi ba sai ya ɗaura masa jan ƙyalle, har sai ya gyara. Baba ba ya rubutu, ƙananan yara ba sa karatu, shi ya sa ba mu taɓa kafa allon gargaɗi ba. Ɗan shekara biyu ma a nan in ya ga ja a jikin lilo sai ya goya hannu a baya ya wuce. Ni nake yanka ƙyallayen daga ragowar yadi.

Jiya babu ja a lilon tsakiya. Kowa ya shaida.

Lahadi, 4:00 na yamma

Baba ya ce ya ɗaura. A gaban mutane ya faɗa, a bakin shagon Mai Kemis, wanda shi ne ciyaman ɗin kwamitinmu. Ya ce ƙugiyar hagu ta cinye saura ƙiris, kasuwa ta tashi bai samu sabuwa ba, ya ɗaura ja ya ce sai Litinin. Ciyaman ya ce to ina jan yake, ko aljanu ne suka yi rawani da shi? Babu wanda ya yi dariya.

Akwai bokiti a bayan ƙofar banɗaki da na jiƙa abu a ciki tun yammacin Juma'a. Ban taɓa shi ba.

Litinin, 6 ga wata, 1:30 na rana

Na kai wa Mai Kitso abinci da zani mai tsafta. Tana zaune a kan bencin baranda, ta rame kamar wadda ta yi wata tana jinya. Ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, ki ce min za ta tashi." Na ce za ta tashi da yardar Allah.

An riga an kai mata labari. Bakin mutane ba ya jiran mota. Ta ce tsohon nan ya kashe mata 'ya, ta ce Allah ya isa tsakaninta da shi, ta ƙara da wasu maganganun da ban taɓa ji a bakinta ba, ita da ko ƙuda ba ta iya kora da ƙarfi. Na shafa bayanta. Na yi ta shafa bayanta har hannuna ya gaji.

Ta ce ni kaɗai ce take gani ta ji sanyi.

Talata, 7 ga wata, 11:00 na safe

Mutanen hukumar birni sun zo, su uku, da wani mai dogon littafi da ba ya gaishe da kowa. Sun zagaye filin da igiyar roba mai ruwan ɗorawa, sun sa nasu kwaɗon a saman nawa, sun cire karyayyiyar ƙugiyar sun jefa a leda. Mai littafin ya nemi takardar da muke rubuta dubawar mako-mako. Ciyaman, da in ya riƙe lasifika sai an roƙe shi yake saki, yau ya zama kurma. Da ƙyar ya ce ai wannan ɓangaren na mai walda ne.

Sai suka juyo kaina. Wa ya buɗe ƙofa ranar Asabar? Ni. Ƙarfe nawa? Bakwai da rabi, saboda masu kujeru sun zo da wuri suna ta buga min waya. Da na buɗe, na ga wata alama a jikin lilon?

Na ce ban gani ba.

Wallahi ban gani ba. Ban yi ƙarya ba. Ya tambaye ni abin da ya tambaye ni, na ba shi amsar abin da ya tambaya. Ai ba laifina ba ne in mutum bai iya tambaya ba.

Laraba, 8 ga wata, 3:15 na yamma

Ta farka. Alhamdulillahi. Alhamdulillahi.

Alhamis, 9 ga wata, 6:00 na yamma

Ta gane uwarta, ta nemi ruwa, ta ce fitilar ɗakin tana damun ta. Ƙafar hagu ce ba ta motsi. Likita ya ɗaga hoto a hasken taga ya yi ta nuna wani wuri da bakin biro, ya yi bayanin da ni da Mai Kitso ba mu kama ko rabinsa ba. Abin da muka ji dai shi ne sai an jira.

Na dawo na zauna a kan keke, na ɗinke hannun riga a bai-bai har sau biyu. Ni! Mai rigar ta ce lafiya kuwa, Tela? Na ce idona ne yake son tabarau.

Bokitin yana nan.

Juma'a, 10 ga wata, 5:45 na yamma

Baba ya zo da tsaninsa a kafaɗa, daidai lokacin da ya saba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana duban kwaɗo biyu. Ina kallonsa ta gilashin shago ina addu'a ya wuce. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Bai wuce ba. Ya jingina tsanin ya shigo, ya gaishe ni da gaisuwarsa mai tsawo, ya tambayi Maigida, ya tambayi jikin yarinya, don shi an hana shi zuwa asibitin. Sannan ya ce, "'Yata, ke da kike rufewa bayan na tafi, ba ki ga na ɗaura ba?"

Na ce ranar kaina ya rabu gida goma, Baba, ga rumfa, ga kujeru, ga shara, ban san abin da idona ya gani ba.

Ya daɗe yana duban tafin hannunsa. Ya ce shi ya rantse ya ɗaura, har yana jin ƙullin a yatsunsa, amma tunda kowa ya ce babu, watakila ta Juma'ar baya yake tunawa. Ya ce watakila tsufa ne. Ya yi min godiya. Godiya fa ya yi min, ya ɗauki tsaninsa ya tafi.

Na rufe shago tun biyar da rabi.

Asabar, 11 ga wata, 10:20 na safe

Da filin a buɗe yake, yau da Malamar ɗakin karatu tana ƙarƙashin itace da tabarmi tana karanta wa yara labari. Na leƙa ta taga, ganye ne ya cika benci. Yaran sun koma buga ƙwallo tsakanin motocin da ke ajiye a bakin danja. Ɗazu wani mai tasi ya taka birki har tayarsa ta yi hayaƙi, ya fito yana zagin iyayensu. Ina za su kai su? Daga ɗaki sai matakala, daga matakala sai titi.

An ce an ga wani yana auna filin da tef, wai wajen ajiye motoci za a yi. An ce ƙarya ne. An ce takarda ta tafi sama. An ce ta dawo. Ba wanda ya san komai, kowa yana magana.

Litinin, 13 ga wata, 8:00 na safe

Ban yi niyyar komai ba sai alheri. Ina so a rubuta wannan a wani wuri ko da a nan ne.

Litinin, 2:00 na rana

Mai gidan burodi ya aika an ɗauke ƙofar da ya ba Baba aiki, ba a ma gama ta ba. Mai otal ɗin kwana ya ɗauke tagoginsa. Wani ɗan banza ya yi rubutu da gawayi a ƙofar shagon waldar. Baba ba ya karatu, sai ya tari wata 'yar makaranta ya ce ta karanta masa. Yarinyar ta duba, ta ce ba ta iya ba, ta ruga da gudu.

Ni na karanta daga nan. Na ɗauki soso da ruwa zan je in goge, na kai bakin ƙofa na dawo. In na goge za a ce me ya shafe ni.

Laraba, 15 ga wata, 7:15 na safe

Maigida ya ce wai meye yake wari a banɗakin nan, ni da har tsokanata yake yi cewa sai na wanke sabulu kafin in yi wanka da shi. Na ce ya bari zan zubar. Bai bari ba. Ya sa sandar tsintsiya ya ɗago abin da ke ciki.

Ruwan ya yi baƙi, amma launin abin bai ɓoyu ba.

Ya dube shi, ya dube ni. Shekara ashirin da shida muna tare, ban taɓa ganin wannan kallon ba. Ya mayar da shi cikin ruwan a hankali, ya wanke hannu, ya ɗauki makullin bas. Bai sha shayin ba.

Laraba, 6:30 na yamma

Ya dawo ya ci abinci yana kallon bango. Na fara masa bayani, na ce ƙyallen ya yi baƙi ƙirin da man inji, ga baƙi za su zo, ga masu ɗaukar hoto, na ma yanka sabo na ajiye a kan keke, niyyata da safe kafin in buɗe... Ya ɗaga hannu. Ya ce ba shi ya kamata ya ji wannan ba.

Ya ce shi ba zai faɗa wa kowa ba, don ba bakinsa ba ne. Amma in sani, tun yau ta bayan layi zai riƙa zagayawa zuwa tasha, don ba zai iya wucewa ta gaban Baba ya ce masa ina kwana ba.

Na ji haushi. Wallahi haushi na ji. Na ce shi da yake wuni a titi, me ya sani game da filin nan? Shekara tara wa yake share shi? Wa yake kwashe kashin karnuka da fasassun kwalabe kafin yara su zo? Ya ce ke.

Alhamis, 16 ga wata, 9:00 na safe

Motar shara ta zo. Na ƙulle shi a leda na sauka har ƙasa, na tsaya, motar ta tafi, na hawo da shi.

Juma'a, 17 ga wata, 4:40 na yamma

Na wanke shi. Sau uku. Baƙin man bai fita ba. Na shanya a cikin ɗaki, a bayan kujera.

Baba bai zo da tsani yau ba.

Lahadi, 19 ga wata, 12:30 na rana

Babban yatsan ƙafarta ya motsa. Mai Kitso ta kira ni tana kuka tana dariya, na bar tukunya a wuta na tafi. Na gani da idona, ɗan motsi kaɗan, amma motsi ne. Nas ta ce alama ce mai kyau, kada dai mu yi gaggawa.

An ɗaga mata gado ta zauna. An aske mata gefen kai, ita da uwarta ke gwada kowane sabon kitso a kanta. Ta ce Mama Tela, kin kawo min 'yar tsana? Na ce gobe. Ta ce lilonta yana nan? Na ce yana nan. Uwar ta fita ɗebo ruwan zafi, sai yarinyar ta jawo gyalena ta yi ƙasa da murya.

"Mama Tela, sai da na duba. Babu ja, shi ya sa na hau. Ban yi laifi ba ko?"

Na ce ba ki yi ba, 'yar albarka. Ko kaɗan ba ki yi ba.

Na fita baranda na riƙe ƙarfe. Wata mata ta ce ko in kira miki likita, na ce jiri ne kawai.

Litinin, 20 ga wata, 5:00 na yamma

Ciyaman ya shigo shago da fara'a, yana goge gumi da hankicinsa. Ya ce an samu mafita. Hukuma ta ce za ta duba yiwuwar buɗe filin in kwamiti ya rubuta cewa sakacin mutum ɗaya ne, an kuma sallame shi. An buga takardar, sunan Baba yana ciki. Ranar Asabar ƙarfe huɗu za a taru a ɗakin karatu kowa ya sa hannu, ni ce ta biyu bayan shi, a matsayina na mai makulli.

Na ce me zai faru da Baba bayan haka? Ya ce wannan kuma sai abin da hukuma ta gani, watakila lasisin shago, watakila abin ya wuce haka. Ya ce in yi tunanin yara. Yara ɗari da wani abu, Tela, da tsoho ɗaya wanda ya riga ya ci zamaninsa.

Yara ɗari da wani abu. Na yi ta maimaita wa kaina, lissafin yana fita daidai.

Talata, 21 ga wata, 6:50 na safe

Tsautsayi ne. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ko da jan yana nan, wa ya sani.

Talata, 7:05 na safe

Ƙarya nake. Da yana nan ba za ta hau ba.

Laraba, 22 ga wata, 3:30 na yamma

Shagon Baba a rufe kwana uku. 'Yarsa, wadda take aiki a gidan waya, ta zo karɓar ɗinkinta. Ban tambaye ta ba, ita ta fara. Ta ce ba ya cin abinci. Ta ce yakan rufe famfo ya dawo ya duba sau biyar ko ya rufe. Yakan tambaye ta ko ya yi sallah, bayan a gabanta ya yi. Shekaranjiya ya ce ta ba da tsaninsa da injinsa ga wanda hankalinsa ke jikinsa, kafin ya kashe 'yar wani.

Ta ce Anti, ke kin san shi, ko ƙusa ya gani a titi sai ya tsince. Na ce haka ne. Ta ce to ya aka yi? Na ce sai Allah.

Ina naɗe mata kayan fil ya soke ni.

Alhamis, 23 ga wata, 1:00 na rana

Asibiti. Mai Kitso ta ce za ta zo taron, tana so ta ga idon tsohon nan lokacin da ake karanta takardar. Ta ce in zauna kusa da ita, don in ba ni a gefenta ba ta san abin da za ta aikata ba.

Na ce to.

Juma'a, 24 ga wata, 6:15 na yamma

Maigida ya ce ya ɗauki hutun gobe da yamma. Ban tambaye shi dalili ba. Mako guda ke nan maganarmu ba ta wuce ga abinci, an gode.

Na goge gyale. Na goge ƙyallen ma, ban san don me ba. Na ninke shi huɗu.

Ina tsoro. In na yi magana filin ya tafi, ƙawata ta tafi, sunana ya tafi, kowa a layin nan zai nuna ni da baki har in mutu. In na yi shiru babu abin da zai same ni. Babu komai. Abin da ke ba ni tsoro ke nan.

Asabar, 25 ga wata, 6:40 na yamma

An cika ɗakin karatu har bakin ƙofa, manya a kan kujerun yara, gwiwa a ƙirji. Baba yana can baya da 'yarsa, ya sa farar riga. Maigida yana tsaye jikin bango. Mai Kitso tana riƙe da hannuna na hagu.

Ciyaman ya karanta, ya sa hannu, ya miƙo min biro. Na tashi. Na karɓi biron ma. Na duƙa a kan teburin har na ga inda aka bar min layi.

Ban san lokacin da na buɗe jaka ba. Na ajiye jan ƙyallen a kan takardar, na warware ninkin. Na ce Baba ya ɗaura. Na ce ni na kwance shi ranar Juma'a bayan ya tafi, don ya yi datti kuma baƙi za su zo, na ce zan wanke in ɗaura sabo da safe. Da safe masu kujeru suka ruɗa ni, na buɗe ƙofa, na manta. Na ce tun ranar na sani.

Wani yaro ya tambayi uwarsa me aka ce, ta toshe masa baki. Ciyaman ya ce a'a, a'a, Tela, zauna mu yi magana, kamar ana iya mayar da ita ciki. Na ciro makullin daga wuyana na ɗora a kan teburin.

Da na juyo kujerar Mai Kitso babu kowa. Baba bai ɗago kai ba, 'yarsa ce take kallona, kallon da na cancanta. Maigida ya zo ya ɗauki jakata, muka fito ta tsakiyar mutane, suna matsawa kada mu taɓa su.

Lahadi, 26 ga wata, 11:00 na safe

Ban buɗe labule ba. An ce takardar ta mutu. An ce mai dogon littafi zai dawo ranar Laraba, ni zai nema. Filin kuma ba wanda ya sani.

Maigida ya dafa shayi da kansa, ya zuba sukari kamar na biki. Na shanye.

Litinin, 27 ga wata, 10:30 na safe

An ƙwanƙwasa. Mai Kitso ce. Na ce ta shigo, ta ce nan ma ya isa. Ba ta ce min Yaya ba.

Ta ce faɗuwar yarinya ƙaddara ce, mantuwa kuma ta ɗan Adam ce, da sannu watakila za ta iya haɗiye wannan. Sannan ta ce, "Amma mako uku kina zaune a gefena ina tsine wa bawan Allahn da bai yi min komai ba, kina shafa min baya. Wannan alhakin wa zai ɗauka min?"

Ta ce in ɗauko gyalena, za ta je neman gafarar Baba, kuma ba za ta je ita kaɗai ba.

Litinin, 2:20 na rana

Yana zaune a kan tabarma a ɗan ɗakinsu na bayan gidan waya. Mai Kitso ta durƙusa tun daga bakin ƙofa. Bai bari ta gama ba, ya ce uwa ce, duk abin da uwa ta faɗa a bakin gadon 'yarta ba a rubuta shi. Ya tambayi ƙafar, ta ce yatsu uku yanzu. Ya ce in an sallame su zai ƙera mata abin dafawa daidai tsawonta, mara nauyi.

Sai ni. Na shirya magana tun daga matakala, na nema na rasa. Na ce Baba, ka yafe min. Shi ke nan abin da ya fito.

Ya ce in maimaita masa abu ɗaya, yana so ya ji a kusa, don ranar Asabar yana baya bai ji da kyau ba. Ya ɗaura? Na ce ka ɗaura, Baba, ƙulli biyu, sai da na sa haƙori na kwance. Ya rufe ido ya sauke ajiyar zuciya, ya ce alhamdulillahi, ashe hankalinsa yana nan.

Sai ya buɗe idon. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne.

"Na yafe. Amma 'yata, ranar da na shigo shagonki na tambaye ki, da kin faɗa min, da ni zan fara tsayawa a gabanki in kare ki."

Mai Kitso ta riga ni fita. Har muka iso layinmu tana gaba ina baya, ba ta waiwayo ba.